Takardar Kumandan a ƙarƙashin buzu

Daren Laraba, watan Rajab

Wata uku dattawanmu suna jayayya kan inda za a haƙa rijiya. Kanawa sun ce gabas, Katsinawa sun ce yamma, mata kuwa suna ta wahalar ruwa. Yau Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya gaji, ya aiko wa Sarkin Zango takarda, wai daga yanzu Sarkin ya riƙa yanke komai shi kaɗai. Ni na karanta masa, har da murnata.

Tsohon ya naɗe ta, ya tura ƙarƙashin buzunsa. Ya ce, "Malam, in na karɓa, wa zai ƙwace ta a hannun magajina?"

Sai ya tara dattawan, ya hana a raba goro har a daidaita. Kafin la'asar kowa ya yarda da bayan masallaci.

Da ni aka aiko wa, wallahi da tuni na karɓa.