Buhun da Aka Ajiye a Ƙofar Gwauruwa

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ban zauna a aji ba, a littafin waƙoƙin coci na koyi haɗa baƙi.

Bargon da kika aiko ya iso, Allah ya yi albarka. Amma ba ya wurina. Kin tuna marigayi mai buga ƙararrawa? Shi ya kama akwatin gawar uwarki ta gaba, ana ruwa, ƙafarsa ba takalmi. Kowa ya manta, ni ban manta ba. Matarsa da zani ɗaya take rufa, ga Kirsimeti ya matso. Sai na cusa bargon a buhu, na ɗaure da jar igiya, na ajiye mata a ƙofa ran Lahadi kowa yana sujada. Kyautar da aka yi wa shela ba ta da lada, haka muka taso.

Da ta dawo ta ga jar igiya, ta ce sammu ne. Ta kira zumuntar mata, suka yi addu'a har rana ta karkata, suka zuba kananzir suka cinna wuta, ko kwancewa ba su yi ba. Ina tsaye ina cewa amin. Yanzu ta ɗora wa tela maƙwabcinta, saboda rigimarsu ta kwata. Kada ki gaya wa kowa.

Ubanki.

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Maigida ya yi dariya har ya ƙware, ni ban yi ba. Bargon nan sai da na zaga kasuwa sau biyu kafin na samo shi. Amma bar ta bargo. Tela fa? A wannan wata yake samun abincin shekara. Wa zai kai ɗinki wurin wanda ake cewa yana jifan mutane? Don Allah ka je ka faɗi gaskiya.

'Yarka, Auta.

Auta,

Na ga takardarki. Tun kina rarrafe kike da baki. Gaskiya ne mata sun kwashe yadinsu daga shagon tela, yana zaune yana korar ƙuda a kan keke. Uban telan nan shi ya ɗinka mini rigar aure, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma mutumin kirki ne. Don haka na gyara abin da kaina. Na zuba shinkafa da mai a kwali na ajiye masa a ƙofa. Wannan karon farar igiya na sa.

Ya ce gwauruwa ce ta rama. Ya tura kwalin cikin kwata da sanda. Ta fito ta ce, "Kai da ko maɓalli ba ka iya sawa daidai ba, me zan jefa maka?" Ya ce, "Baba tsohuwa, ai harshenki ma ya isa." Za a kai su gaban dattawan coci jibi, kuma ni ne babban cikin masu zaman shari'ar. Zan ce a yafe wa juna, shi ke nan. Ladana ba zan zubar ba.

Ubanki.

Baba,

Barka da ƙoƙari. Wane lada ne ya hana tela cin abinci? In ba ka yi magana jibi ba, ni zan rubuta wa fasto. Na riga na sayi ambulan.

Auta.

Auta,

Ki ajiye ambulan ɗinki. Na miƙe a gaban dattawa na faɗa cewa ni na ajiye buhun bargo da kwalin. Gwauruwa ta ce, "Na ulu ne?" Na ce na ulu ne. Ta yi kukan da ya fi na ranar jana'izar mijinta. Tela ya samu aiki har yana korar mutane, ita ce ma take kama masa ƙarfen guga.

Sai dai yanzu duk abin da aka tsinta a ƙofa, ni ne. Jiya akuyar mai shayi ta ɓata ta kwanta a ƙofar makanike. Ya yanka ta, ya zo da iyalinsa duka suka durƙusa suna yi mini godiya. Mai shayi yana zaure yanzu yana jirana.

Barka da Kirsimeti. Ki gaida yara.

Ubanki.