Hannu a Kan Keken Baba

Daren Talata, Kirkissoye

Yau na buɗe kwalin maganin Baba, na tarar saura ƙwaya huɗu, alhali wata ko rabi bai yi ba. Da na matsa masa, sai ya ce ai ya samu sauƙi, shi ne ya ɗiba wa Malam Isufu, maƙwabcin shagonsa, don shi ma yana kukan kasala. Maganin kansar jini fa, ya raba kamar goro!

Raina ya ɓaci, amma na danne. Na maida masa bayanin likita da yaren tela. Na ce, "Baba, akwai wani sinadari a jikinka da ke ta ba jini umarnin ya hayayyafa, kamar keken ɗinki da ya ƙi tsayawa. Maganin nan shi ne hannun da ke riƙe da keken. Kana saki, zai ci gaba da gudu."

Sai ya ce, "To 'yar nan, da wane baki zan ce Isufu ya maido?"

Shi kunya ta ɗaure shi, ni ba ta ɗaure ni ba. Gobe da sassafe zan je in karɓo, mu wuce asibiti. Kwalin kuwa ya koma jakata. A ce mini marar kunya, na ji. Kada dai a ce mini marainiya.