Kiran Sallar Baba

Litinin, 3 ga Yuni 2024
Yau Baba ya yi kiran sallar Asuba a lokacin La'asar sakaliya, a lasifika, duk ƙauye na ji. Tun kafin a haife ni shi ne ladanin garin nan. Matasa na dariya a bakin masallaci. Na shiga na fizge makirfon daga hannunsa. Kallona kawai ya yi.

Laraba, 5 ga Yuni
Na roƙi Liman ya ba Malam Khalilu ladanci. Na sa kwaɗo a ƙofar zaure. Inna ta ce, "Abdulkabir, mahaifinka fa." Na ce mutuncinsa nake karewa. Nasa ko nawa, oho.

Asabar, 22 ga Yuni
Baba ya daina tambayar lokaci. Tuwo ma sai Inna ta yi ta lallashi.

Alhamis, 11 ga Yuli
Na kai shi asibiti a Bici. Wata nas, Sista Bilkisu, ta ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba aljanu ba, kuma ba ya warkewa. Ta tambayi abin da ya fi so a duniya. Na ce mata kiran salla. "To yanzu wa yake kai shi masallacin?" Na sunkuyar da kai.
Ta ce kada a raba shi da abin da ya saba, a dai tsaya kusa da shi.

Juma'a, 19 ga Yuli
Na cire kwaɗon. Bai ko matsa kusa da ƙofar ba. Ya zauna yana kallon geron bayan gida ta saman katanga. Da tun a watan jiya na kai shi Bici...

Lahadi, 4 ga Agusta
Malam Khalilu, Allah ya saka masa, ya zo da kansa ya ce, "Baba, muryata ta dushe, a taimaka mana da Azahar." Ƙarya yake yi, ras muryarsa take.
Baba ya nemi hularsa.
Muryar ta ragu sosai. A tsakiya ya tsaya, ya daɗe. Sai ya ɗora da cewa salla ta fi barci, da rana tsaka.
Babu wanda ya yi dariya. Tsofaffin sahun gaba suka amsa masa kamar yadda ake amsawa da Asuba.
Ina tsaye dab da shi. Ban gyara masa ba. Wataƙila gajiya ce ta hana ni.
Gobe zan taso daga gona da wuri.