Layin da ya fito a tabarmar Adda Shatu

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025
Na gama shafin intanet na ƙungiyar masaƙan tabarma ta Roni. Ranar Asabar zan nuna musu; in bai yi musu ba, Jalaluddeen na ofishinmu za a miƙa wa aikin. Tun farko shi ya so. Yau har da "Sannu da ƙoƙari, Malama Bahijja." Kazaure kaf an san ba ya yabon kowa a banza.

Talata, 4
Bangon shafin adon tabarmar Adda Shatu ne, shugabar ƙungiyar. Ɗan yanki na ɗauka a hoto. Burauza, manhajar buɗe shafi, sau ɗaya take sauko da shi, sai ta yi ta jera shi gefe da gefe kamar tayil har fuskar waya ta cika. Ko a Gwiwa da sabis ke rarrafe zai buɗe.
Amma duk inda yanki ya haɗu da yanki, adon ya karye, layi ya fito. Jiya ban gan shi ba. Ni da Jalaluddeen kaɗai ke da kalmar sirrin gyara shafin.

Laraba, 5
Na canza kalmar sirrin. Bai ce komai ba. Wannan ma abin lura ne.

Alhamis, 6
Na goge abin da burauza ta ajiye, na sake buɗewa. Layin na nan. Na duba fayil ɗin: tun Litinin ba wanda ya taɓa shi. To, ko ya iya ɓoye sawu ne.

Juma'a, 7
Roni. Na miƙa wa Adda wayar, ina shirin yi mata bayanin zagon ƙasa. Ta ɗora farce tana ƙirga.
"Wa ya yanka wannan?"
"Ni ce, Adda."
"Silin kaba goma sha biyu adon yake yi kafin ya dawo farko. Ke a goma kika tsaya. Duk karatun naki ba a kai ku sha biyu ba?"
Matan suka yi dariya har da tafawa. Ta shimfiɗa tabarmar, ta nuna min inda zan fara da inda zan tsaya.

Asabar, 8
Na sa sabon hoto mai sili sha biyu cif, adon ya haɗu sumul. Sun karɓa.
Kafin in tafi sai da na ce Jalaluddeen ya fara duba min a wayarsa. Fuskarta ta fi tawa faɗi, shi ke nan dalilin.