Kwanar da Ta Ƙi Rufuwa

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Tunda injin yankan rodi ya cinye maka kunne, waya ba ta da amfani, sai takarda.

Gasar kwamfutar nan da muke naɗe furotin, Juma'a za a rufe ta. Malaminmu zai haɗa zane biyar na sama a ɗakin gwaji, wanda nasa ya tsaya shi za a ɗauka aiki. Furotin sarƙa ce ta ƙwayoyin da ake kira amino asid, wasu da tauri, wasu da laushi. Wata kwana a jikin sarƙar ta ƙi rufuwa, sai na jera mata gilaisin huɗu, amino asid ɗin da ya fi kowanne laushi. Ta lanƙwasu kamar igiya, yanzu ni ce ta ɗaya. Ka fara shirin yi mini barka.

'Yarka,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa, ƙafa da sauƙi, bakinki ne dai bai canza ba. Na karanta sau biyu, ban ji daɗi ba. Shekara talatin ina lanƙwasa zoben rodi na ginshiƙi. Ƙarfen da ya bi hannu ba gardama, haka zai bi nauyin bene ranar da aka ɗora masa. A kan kwana kaɗai ake son laushi, gefe da gefe mai tauri ke riƙewa. Ki bar ɗaya daidai inda ta juya, ki cire ukun. Ban san furotin ba, amma na san kwana.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Baba,

Ina gaisuwa. Na cire. Yini na yi ina jan kwanar kafin ta rufu, makina ya zube, na koma ta biyar, da ƙyar na tsallake. Abokan gasa har jaje suke yi mini. Wallahi raina ya ɓaci, kuma da kai nake fushi. A gaida Mama.

Auta

Auta,

Yi fushinki, amma kar ki sake taɓa ta. Mamanki na amsawa.

Babanki

Baba,

Barka da war haka. Yau mako shida, sakamako ya fito. Zane huɗu sun cure a gindin kwalba, nawa ya tsaya yadda na zana shi. Litinin zan fara aiki. Malam ya tambayi littafin da na samo dabarar, na ce babana ne, mai lanƙwasa rodi. Ya ce in tambaye ka ko kana da lokaci ranar Laraba, akwai wata kwanar da ta gagare su.

Taka,
Auta