Layin Yaya Sani

Laraba da dare, Safana

Wani ya kutsa imel ɗina ya canza kalmar sirri. Dama sunan 'yata nake sawa ko'ina. Hotunan Inna da na gidanmu na Ruma kafin a ƙone shi duk suna ciki.

Na je Batsari wurin mai shagon kwamfuta. Ya ce, "Malam, za a turo lamba ta layin da aka buɗe shi da shi. Na wa ne?"

Na Yaya Sani ne, shi ya buɗe mini. Da wayarsa 'yan bindiga suka tafi da shi bara, har yau shiru.

Mai shagon ya ce sai haƙuri. Na ce ya tura duk da haka. Wataƙila yau wayar Yaya ta yi ƙara a daji.