Ranar da Na Ce Miki Baiwar Allah

Zuwa ga Aisa, uwar 'ya'yana, badon tafkina, ruwan randar da nake kurɓa in rana ta take, 'yar Fulanin da ta sauko daga tudu ta zauna da masunci ba ta taɓa toshe hanci ba. Gaisuwa mai yawa, da ban haƙuri wanda ya fi gaisuwar yawa. Na so in fara da "hasken idona" kamar yadda samari suke yi, sai hannuna ya tsaya cak, don kalmar nan yanzu tsoro take ba ni. Kada ki yi dariyar girman baƙaƙen nan. In ban yi su manya haka ba, ba na ganin inda alƙalami ya sauka. Kuma don Allah kada ki ba kowa ya karanta miki. Ajami ne, kin fi ni iya shi.

Tun da kika ɗaure ƙullin kayanki kika tafi Malam Madori gidan ƙaninki Abdulwahid, gidan nan ya zama kango, ni kuma na zama mai gadinsa. Yaji da furfura, Aisa? Yaji da jikoki? Ke da ba ki yi shi ba lokacin da muke da ƙarfin yin faɗa? Na kira wayar Abdulwahid, ya miƙa miki, na ji numfashinki sarai, na yi ta magana kamar mai wa'azi a kasuwa, kika mayar masa da wayarsa ba ki ce uffan ba. Shi ya sa na koma ga tawada. Takarda dai ba a kashe ta.

Bari ki ji yadda abin ya kasance daga inda nake zaune. Ranar nan ina bakin gulbi a Guri, na baza bandar tarwaɗa a kan tabarma, rana tana dukan fuskata. Sai na ji wata inuwa ta tsaya ta hannun damana. Ta tsaya, ta daɗe, ba sallama, ba tayi. Na ɗauka irin matan nan ne masu juya kifi su shinshina su wuce. Kin san bakina ba ya jiran hankalina. Na ce, "Baiwar Allah, in ba saye za ki yi ba ki matsa, kin tare mini haske." Matan da ke fere ƙaya a gefe suka kwashe da dariya. Inuwar ta sunkuya ta ajiye wani abu, ta juya. Sai da Shu'ibu maƙwabcin tabarmata ya kama hannuna ya tambaye ni ko na zautu ne, ya ce matata ce na kora, ga ƙwaryar furarta nan kusa da ƙafata, sannan na san abin da na aikata. Na miƙe na bi ki, amma duk zannuwan da ke kan hanyar nan iri ɗaya suka zame mini. Da na iso gida kin kulle ɗakinki, da gari ya waye kin tafi.

Baiwar Allah! Sunan da ake kiran macen da ba a san daga inda ta fito ba, shi na kira ki da shi a gaban matan da suka ci tuwon bikinmu. Na san abin da kika ji. Kin ji kamar na ce ban san ki ba, kamar na share shekarunmu da tafin hannu ɗaya. Wallahi, tallahi, ban gan ki ba. Da ma a ce wulaƙanci ne, da na zo na durƙusa an wuce wurin. Abin ya fi wulaƙanci muni, ya ke sanyin zuciyata: ina kallon wajenki ne, ban gan ki ba.

Bayan tafiyarki Shu'ibu ya ja ni Haɗeja wajen likitan ido. Na tafi da fatan a ce yanar ido ce, a kankare ta in dawo ina ƙirga balbelu a hayin gulbi. Likita ya haska, ya auna. Ya ce akwai yanar, amma bayanta akwai abin da suke kira hawan jinin ido, wanda yake cin jijiyar gani a hankali ba tare da ciwo ba, yana farawa daga gefe. Ya ce na dama ya riga ya tafi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na hagu ne ake ƙoƙarin riƙewa da maganin ɗigawa. Da yake bayani, ni kachala nake tunawa. Kin ga yadda ciyawar nan ta yi wa tafkinmu, ta taso daga wannan gaɓa, ta taso daga waccan, muna cewa ai tsakiya da sauran faɗi, har aka wayi gari sai 'yar siririyar hanya da kwalekwale ɗaya ke ratsawa da ƙyar. Haka duniya ta koma mini. Ta wannan 'yar hanyar nake leƙen komai, ke kuma ranar nan a cikin kachalar kika tsaya.

Kin tuna ranar da na fara ƙetarar da ke? Mutanenku sun sauko da shanu fadama da rani, kika zo bakin ruwa da ƙwaryar nono a ka, kika shiga jirgina kika juya mini baya. Tun daga wannan gaɓa har waccan ina tuƙi ina zuba surutu, na faɗa miki sunan kowane tsuntsu, har da waɗanda na ƙirƙira, ke ko tari ba ki yi ba. Na san ƙeyarki da kitsonki kafin in san hancinki. Da muka isa kika cika ludayi da nono kika ajiye a kan katakon jirgi, kika haye tudu. Ban taɓa shan abin da ya kai wannan nonon daɗi ba, kuma tun ranar shirunki ya zama abin da na fi so a duniya. In abokai suna kukan matansu da yawan magana, ni sai in gyara zama ina jin kaina. Tawa da ido take magana, nake ce musu. In ta ɗaga gira na san gishiri ya ƙare, in ta sunkuyar da kai na san na yi ba daidai ba. A gaban mutane kuwa ba ki taɓa buɗe baki kin yi mini magana ba, sai dai ki tsaya a gefe har in waiga.

To yanzu in na waiga me zan gani? Wannan shi ne abin da yake hana ni cin abinci, Aisa. Ba barin gulbi nake tsoro ba, na ci rabona a ruwa. Ba sanda nake tsoro ba, ba faɗawa rami ba. Mutanen Guri duk na fara gane su da murya, Shu'ibu da kakinsa, liman da gyaran muryarsa, mai goro da jan takalminsa. Kowa yana da ƙarar da zan kama shi da ita, sai ke kaɗai. Tafiyarki ba ta da sauti, kukanki ba shi da sauti, ko murfin tukunya ba ya ƙara a hannunki. Duk abin da kika taɓa faɗa mini mai nauyi da fuska kika faɗe shi, ga shi fuskar ake shirin ɗauke mini. Yaya zan yi ranar da hanyar nan ta rufe? In zauna a tsakar gida ina tambayar wa ke nan, kaza ta gifta in ɗauka ke ce, ke ki gifta in ɗauka iska ce? Ki yi fushi ban sani ba, ki yi rashin lafiya ban sani ba, ki zauna kamu ɗaya da ni ina kewarki kamar kina Malam Madori? Ina jin tsoro, kurciyata. Ban taɓa faɗa wa mahaluƙi wannan kalma ba, ko shekarar da ambaliya ta cinye mana ɗakuna. Ina jin tsoro ƙwarai.

Ki dawo tun da sauran hanya. Maganin nan ma ya fi ƙarfina, in na ɗaga kwalbar sai ya zuba a kunci ko a gemu, idon yana nan a bushe, likita kuwa ya ce kowane fashi ɓarna ne. Hannunki nake bukata, wanda yake zare ƙaya daga bakin yaro bai farga ba. In kin zo, ki biyo ta hagu. Ki tsaya inda rana za ta haska ki, ki ɗaga kan nan naki da kika saba sunkuyarwa, ki bar ni in dube ki a tsanake, goshi, da tsagar kunci, da wushiryar da kike rufewa da gefen mayafi. So nake in haddace ki kamar yadda ake haddace sura, don in an rufe allon in ci gaba da karantawa da ka.

Sai abu na ƙarshe, kuma na san shi ne mai wuya. Ban ce ki zubar da kunyar da aka haife ki da ita ba. A kasuwa ki ci gaba da shirunki, sai dai ki taɓa kafaɗata, ko ki sa awarwaro biyu a hannu ɗaya su riƙa gaya mini kin iso. Amma a cikin gida, in mu biyu ne, ki ara mini muryarki. Ki yi mini faɗa, ki yi mita, ki ce tuwo ya huce, komai ma ina so. Tun da aka ɗaura mana aure ba ki taɓa furta sunana ba, ko jikanmu da aka yi mini takwara Mai-suna kike ce masa. Na yi alfahari da haka shekara da shekaru. Yau ina roƙonki ki karya wannan sau ɗaya, don in duhu ya gama rufewa in san akwai bakin da zai kira ni in amsa ba tare da na tambayi ko wace ce ba.

Ni ne naki da ido biyu, naki da rabin ido, naki ranar da babu ko ɗaya, har ranar da za a miƙe ni a dama ina fuskantar gabas. Ga sunan nan na rubuta shi da baƙaƙen da suka fi sauran girma, ko za ki gwada shi a hankali a cikin motar dawowa, inda ba wanda ya san mu.

Garba